Kafofin Iska Arba'in da Biyu

Gara a faɗi aibin Mai Zane tun daga farko, tunda shi ma ba ya musu in aka matsa masa: ba ya iya barci sai da iyakwandishan. Shekara ashirin ya yi yana bin ofisoshi da nannaɗaɗɗun takardu a hammata, yana yi wa mutane wa'azi cewa gini na ƙwarai shi ke sanyaya kansa, ba wuta, ba janareta. Amma da zarar ya koma gida ya tuɓe takalmi, abin da hannunsa ke fara lalubowa a ƙarƙashin matashi shi ne rimot. Ya yi ta dannawa har lamba ta sauko sha shida. In matarsa ta yi magana, sai ya ce ai ba shi ya zana gidan ba. Gaskiya ne kuwa. Ba shi ya zana ba, shi dai ya zaɓa.

A gabansa, magina da leburori Injiniya suke ce masa. A bayansa kuwa Mai Iska. Ya daɗe da sanin sunan, ya kuma yanke wa kansa hukuncin ɗaukarsa a matsayin yabo, duk da ya san abin da ake nufi in an ce mutum yana zancen iska, ko ya yi aikin iska. To shi zancen iskan ne sana'arsa. Sai ya zauna gaban masu hali ya bayyana musu ta inda iska za ta shigo da ta inda za ta fita, su yi ta gyaɗa kai suna cewa "Kai, ilimi ke nan," sannan su ce a sa musu gilashi daga ƙasa har sama irin na gidan wane. Ya sa musu. Yara suna makaranta, kuma aƙida ba ta shiga tukunya. Gidajen da ya zana a garin, in aka ɗauke musu wuta na awa ɗaya, burodi ne kaɗai zai ji daɗin zama a ciki.

Ana haka sai ga Hajiya, mai wata makaranta a bakin gari, tana son ɗakin karatu. Ba wa'azinsa ne ya ratsa ta ba, ƙarar janaretan makarantar ce ta ishe ta. Ta ce, "Injiniya, in har za ka yi min ɗakin da ba na'ura ba ƙara, bismilla. Amma in yara suka dahu a ciki, gidanka zan turo iyayensu." Shi kuma ya kafa nasa sharaɗin: ko waya ɗaya ba za a jawo daga janareta zuwa ginin ba. Wutar layi ta isa kunna 'yan fitilun yamma.

Ya zana ɗakin nan kamar mai rubuta wasiyya. Bango mai kauri na bulon ƙasa, wanda zafin rana ke shiga da safe ya gaji kafin ya kai ciki. Rufi biyu, kwano a sama, silin a ƙasa, da sarari a tsakaninsu. Dogayen tagogi a ɓangaren da rana ba ta duka, yadda da rana ba mai neman makunnin fitila. A ƙarshen ɗakin, hasumiya mai baki huɗu, ta kama iska a sama ta sauko da ita ta bayan wani bango mai raga-raga. Sannan abin da ya fi ji da shi: kafofi arba'in da biyu, jere a saman bango dab da rufi, kowace ba ta wuce shigar dunƙulen hannu ba, ta inda iska mai zafi za ta fice. "Iska baƙuwa ce matsoraciya," haka yake ce wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa. "Ba ta shiga ɗaki sai ta hango ta inda za ta fita. Ka toshe kafofin nan, hasumiyar ta zama ado."

Ƙungiyar masu zanen gini tana da wata takardar shaida da take ba ginin da ya sanyaya kansa ba tare da na'ura ba. A garin ba wanda ya taɓa samu. Mai Zane ya cike takardar nema tun ana haƙa tushe. Ba allon ƙarfen da za a manna a bango ne ya dame shi ba, ko da yake ya riga ya auna wurin da zai zauna. So yake, sau ɗaya a rayuwarsa, a ce Mai Iska ya juyo, ba ya yi kamar bai ji ba.

Aikin yana hannun Baba Magini, wanda suka shekara ashirin da biyar tare. Tsoho ne mai tsabtar aiki har ta yi yawa. In ya je gaisuwa gidan mutane ya ga tsaga a bango, da tsagar zai yi ta gaisawa. Ba ya karanta zane sosai, ya fi gane a nuna masa da yatsa. Bai taɓa yarda da haka ba, Mai Zane kuma bai taɓa tona shi ba, kuma wannan rufin asirin shi ne rabin abotarsu. Ranar da aka jera bulon saman bango Baba yana gida da ciwon baya, don haka Mai Zane da kansa ya hau, da tumbinsa da komai, ya tsaya kan magina har aka bar kafofin nan ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma Auta, ƙanen Mai Zane uwa ɗaya uba ɗaya, wanda sana'arsa sayar da iyakwandishan da haɗa su. Na ɗakin Mai Zane ma shi ya haɗa, kuma bai taɓa barin a manta ba. Duk ranar da suka haɗu a gidan tsohuwarsu sai ya ce, "Yaya, ya iska? Tana nan tana kaɗawa?"

"Tana nan. Ranar da ta gama da ku, zan ɗauke ka aikin share min kafofi."

Gini ya kai ga yaɓe sai aka gayyaci Mai Zane wata ƙasa, taro da koyarwa na mako shida kan ginin da ba ya cin wuta. An yi taron a wani zaure mai sanyin da ya sa shi mura tun rana ta biyu. Kullum yana bugo waya, kullum Baba Magini yana cewa, "Lafiya lau, Injiniya. Aiki ya fito sumul." Ya dawo ana gobe buɗewa. Daga filin jirgi bai biya gida ba, ya tsaya a wajen ginin da jakarsa a hannu ya ƙirga kafofi. Arba'in da biyu, duk a buɗe. Ya lura bakinsu ya ɗan yi kaca-kaca kamar an gutsura, ba irin hannun Baba ba. Ya ce a ransa tsufa ne ya fara kama bawan Allah. Har ya ji tausayinsa.

Ranar buɗewa, rana ta fito kamar an yi mata laifi. Makaranta tana hutu, ba a ko tayar da janareta ba, baƙi ne kawai: iyayen yara, 'yan uwa, waɗansu masu zane da suka zo ganin yadda za a ji kunya, da Farfesa, wanda ƙungiya ta turo ya duba. Farfesa siriri ne mai tabarau, ba ya dariya sai ya tabbatar ba mai kallo. Ya tsaya a tsakar makaranta ya ɗaga ma'aunin zafinsa, ya jira, ya rubuta: talatin da tara. Hajiya ta yanke ƙyalle, aka tura ƙofa.

Wanda ya fara shiga ya tsaya cak a bakin ƙofa har na bayansa ya yi karo da shi. Sanyi ne, ba irin mai cizon fata ba, irin na gindin babbar bishiya. Ɗakin fes da haske, ba fitila ko ɗaya. Wata mata da ta shigo tana fifita da takardar gayyata ta sauke hannu ta ninke takardar ta sa a jaka. Mai Zane ya ga wannan ninkewar. Shekara ashirin, ashe abin da yake jira ke nan, mace ta daina fifita.

Farfesa ya zaga lungu huɗu da ma'auninsa. Ya duba, ya kaɗa shi, ya sake dubawa. Ya rubuta ashirin da bakwai.

Aka ba Mai Zane minti biyar ya yi magana, ya yi ashirin da biyar. Ya faɗi zancen baƙuwa matsoraciya. Ya nuna kafofin da yatsa, aka ɗaga kai aka kalla. Ya gode wa Hajiya, ya gode wa Baba Magini, "wanda hannunsa ya fi bakina gaskiya." Baba ya sunkuyar da kai, Mai Zane ya ce a ransa, ka ga kunyar mutanen da. Ya gode wa matarsa da ta yi haƙuri da zancen iska. Ita ma ta sunkuyar da kai. A ƙarshe ya nemo Auta a cikin taro ya ce, "Ƙanena kuma ina ba shi haƙuri. Ya fara neman wata sana'ar." Aka yi dariya, Auta ya fi kowa.

Aka fito da lemo daga firjin ofishin Hajiya. Wani daga cikin masu zanen ya kurɓa ya yatsine fuska, ya ce ɗakin ma ya fi lemon sanyi. Mai Zane ya ɗauki wannan ma a matsayin yabo. Ranar komai yabo ne.

Farfesa ya zauna a wani teburin karatu ya buɗe fayil, ya ce zai cike sauran shafukan kafin ya sa hannu. Mai Zane ya jawo Auta ya gabatar da shi, don Farfesa ya ga har abokin gaba ya zo mubaya'a. Auta ya rusuna zai gaishe shi. Wani abu ya zamo daga aljihun rigarsa ya faɗi ƙas, ya yi 'yar tafiya a kan siminti ya tsaya a gaban takalmin Mai Zane.

Ba wanda ya kula. Auta ya kai hannu, amma Mai Zane ya riga shi. Bai buƙaci dubawa ba, tafin hannunsa ya san abin. Fari ne, mai maɓalli ja a sama, irin wanda ke ƙarƙashin matashinsa sak. A ɗan gilashinsa lamba tana nan zaune: sha shida.

"Na shago ne, Yaya," in ji Auta da sauri. "Mantawa na yi."

Da bai yi magana ba, da Mai Zane ya miƙa masa. Amma ya san muryar nan tun Auta yana satar sukari. Ya sa rimot a aljihu, ya ce wa Farfesa yana zuwa, ya fita ya zaga bayan ginin.

A gindin hasumiya akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe da ya zana don masu shara. An sa mata sabon kwaɗo, amma mai sawar ya manta bai danna ba. Ya buɗe, ya sunkuya ya shiga, ya haska da wayarsa. Ga su nan manne a bango, a bayan ragar da ya kwana uku yana zanawa: guda biyu, farare, sababbi, ko ledar gefensu ba a gama ɓarewa ba. An bi da wayarsu ta kusurwa zuwa layin fitilu an shafe da fenti, aiki mai tsabta, aikin ɗan gida. Iska mai sanyi tana wucewa ta gefen kunnensa tana shiga ɗakin. Ta cikin ragar yana hango baƙi suna shan lemo, yana hango matar nan da ba ta fifita. Bai taɓa na'urorin ba. Ya tsaya yana kallonsu kamar wanda ya buɗe ɗakinsa ya tarar da baƙon takalmi.

Da ya fito, Baba Magini da Auta suna tsaye a rana suna jiransa. Baba ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Baba," in ji Mai Zane, "ni za ka fara yi wa bayani, ko in fara zagi tukuna?"

"Injiniya, laifina ne. Ka san in mun soka katakon da muke takawa a bango, in an sauke shi rami yake bari. Maginin da ya tafi ya bar ramin katako a buɗe, wannan ba magini ba ne, a kore shi. Shekara arba'in ban taɓa barin ko ɗaya ba. To ranar yaɓe na ɗaga kai na ga ramuka jere reras a sama. Na ce waɗanne 'yan iska ne suka bar wannan? Na sa aka toshe su tas, aka shafe."

"Ɗan iskan ni ne, Baba."

"Daga baya na gane."

"Suna cikin zane. Shafi na huɗu."

"Takarda ka nuna min, ba ka nuna min da yatsa ba." Wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da biyar da Baba ya faɗi haka da bakinsa, kuma ya faɗe shi yana kallon ƙasa.

"Sau nawa na yi zancen kafofin nan a gabanka? Sau ɗari?"

"Ya fi. Amma Injiniya, tsakani da Allah, in ka fara zancen iska, kunnena hutu yake tafiya. Ba ni kaɗai ba."

Mai Zane ya haɗiye wannan. Baba ya ci gaba: da aka gama fenti Hajiya ta shigo da tsakar rana, ba ta yi minti biyu ba ta fito gumi sharkaf, tana cewa tanda aka gina mata. Shi bai san dalili ba. Ya rasa inda zai sa kansa, sai ya kira Auta.

"Lambata ta ɓace daga wayarka?"

"Ni na hana shi, Yaya," in ji Auta. "Kana ƙasar mutane kana koyar da abin nan, a bugo a ce maka ya ƙi? Da hawan jininka? Na ce a bar min. Kwana biyu muka gama. Ka ji ƙararsu da ka shiga? Ba za ka ji ba. Sabon samfuri ne, ko numfashi ba sa yi. Da safen nan ta raga na danna musu, na wuce abina." Ya faɗi haka da ɗan alfahari, bai iya ɓoyewa ba.

"Kafofin fa? Jiya na ƙirga, a buɗe suke."

"Ni na duba zanen daga baya na ga ashe da gangan ne. Na ce wa Baba, mutumin nan da ya sauka ƙirgawa zai fara. Shekaran jiya muka zo da guduma muka fasa su."

"Don in ƙirga."

"Don ka ƙirga."

Mai Zane ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi tambayar a hankali, don ita kaɗai ce ta rage masa. "Da kuka fasa su, kun kashe na'urorin kun gwada? Ko na awa ɗaya? Ku ga ko ɗakin zai yi da kansa?"

Auta ya dubi Baba, Baba ya dubi hularsa.

"Gwada me, Yaya?"

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Da gaske yake tambaya. Toshe kafofin kuskure ne, Mai Zane zai iya yafe kuskure, shi ma ya taɓa zana banɗaki ba ƙofa. Sa na'ura tsoro ne, tsoro ma ana yafewa. Amma su fasa kafofi arba'in da biyu da hannunsu, su tsaya a ƙarƙashinsu, ko ɗayansu bai ji sha'awar sanin ko abin yana aiki ba? Ashe duk shekarun nan lallaɓa shi ake yi, kamar yadda ake yi wa kawun da ya ce ya ƙirƙiro maganin sanƙo.

"Wa ya sani?"

"Hajiya."

"Sai wa?"

Amsar ce da kanta take tahowa ta kusurwar ginin da mayafinta a kafaɗa, tana taka ƙasa a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya.

"Ke ma?"

Matarsa ta tsaya. "Malam, ka rage murya, akwai mutane."

"Kullum sai mun yi waya. Kin ba ni labarin famfon da ya lalace, kin ba ni labarin kyanwar maƙwabta. Wannan ne ya fi ƙarfin bakinki?"

"Rufa maka asiri muka yi."

"Asirin me? Ba ku ma bari an ga ko akwai abin rufewa ba."

Ta gyara mayafi. Ba mai son magana a waje ba ce, amma in an kai ta bango tana da ajiya. "Malam, shekara ashirin da uku ina kwana da bargo biyu a tsakiyar zafi saboda kai. Ranar da aka ɗauke wuta, kai ke fara tashi kana zagin kamfani. Ni ban yi karatun gini ba. Abin da na ga kana yi shi na yarda da shi, ba abin da na ji kana faɗa ba."

Auta ya juya baya yana tari. Mai Zane ya nemi amsa a duk aljihunan kansa, abin da ya samu kawai rimot ne.

"Yaya, ka saurare ni," in ji Auta, ya matso ya rage murya. "Mutumin nan biro yana hannunsa. Ka koma ka zauna, ya sa hannu, ya tafi. Gobe in zo in kwance su in kana so, ka yi ta gwajinka har ka gaji. Wa aka cuta?"

Mai Zane ya yi tunanin abin, kada a ce bai yi ba. Ya yi tunanin allon ƙarfen da wurin da ya auna masa. Ya yi tunanin masu zanen nan da suka zo kallon kunya za su koma da lemo mai ɗumi kawai. Sannan ya hango kansa duk ranar da zai wuce ta gaban allon, Auta na gefe yana murmushi, Baba na gefe yana kallon hula, matarsa na ninke bargo. Takardar za ta zama ta su ukun, shi kuwa mai ƙirga ramuka.

Ya koma ciki. Sanyin ya tare shi a bakin ƙofa, yanzu ya ji shi kamar mari. Farfesa ya kai shafin ƙarshe, ya cire murfin biro. Mai Zane ya ajiye rimot a kan fayil ɗin, daidai inda za a sa hannu.

"Ranka ya daɗe, kada ka sa. Akwai iyakwandishan biyu a cikin hasumiya. Ban san da su ba sai yanzu, amma ginina ne, sunana ne a takardar."

Bai yi niyyar ɗaga murya ba, sai dai ya zana ɗakin yadda malami zai yi magana a gaba na baya ya ji. Wannan ɓangaren na zanen ya yi aiki sosai. Kowa ya ji. Matar nan ta buɗe jaka ta ciro takardar gayyata, ba don zafi ba, don ta sami abin rufe baki.

Farfesa ya ɗauki rimot, ya karanta lambar, ya ajiye. Ya bi Mai Zane bayan ginin, ya leƙa ta ƙofar ƙarfe daga waje, bai ko shiga ba saboda farar rigarsa. Ya dawo ya ja dogon layi a kan ashirin da bakwai ɗin nan, ya mayar da murfin biro.

"Ka san ƙa'ida. Ginin da aka samu da ɓoyayyar na'ura ba a sake duba shi. Na yaba da gaskiyarka, zan rubuta ta." Ya rufe fayil, ya cire tabarau yana gogewa. "Ai ni ma na yi mamaki. Na ce a raina, iska kaɗai? Sai da na kaɗa ma'aunin."

Farfesan nan shi ne shugaban kwamitin gini mai sanyaya kansa, shekara tara.

Taro ya watse da sauri irin na mutanen da ke da labarin kaiwa. Hajiya ta tsaya ta faɗa wa Mai Zane abubuwa da yawa, mafi sauƙinsu shi ne ba ta taɓa ganin mutumin da aka rufa wa asiri ya yaye da hannunsa a gaban iyayen yara ba. Baba Magini ya zo zai yi magana, Mai Zane ya ɗaga masa hannu, tsohon ya sa hularsa ya tafi. Matarsa ta ce za ta bi motar Auta. Bai hana ta ba. Ya miƙa wa Auta rimot ɗinsa ya ce, "Kayan shago." Auta ya karɓa ba tare da zolaya ba, karo na farko tun haihuwarsa.

Ya rage shi kaɗai a ɗakin, da kujeru a karkace da kwalaben lemo. Ya ɗaga kai ya sake ƙirga kafofin, don ya saba. Iska tana ta saukowa ta raga, tana ɗaga gefen wata takarda a kan tebur. Ya ce a ransa, ko kashe su Auta bai yi ba. Ya ɗan ji daɗin sanyin, ya ji haushin kansa da ya ji daɗin, ya fita ya ja ƙofa.

Motar Farfesa ta daɗe da tafiya. Ya shiga tasa, wadda ta yini a rana, ya kunna na'urar sanyinta har ƙarshe, tunda yanzu ba sauran wanda zai ɓoye wa. A bakin ƙofar makaranta maigadi ya taso daga bencinsa, dattijo mai furfura da bai shiga taron ba, bai kuma san abin da aka yi ba. Maimakon ya buɗe, sai ya zagayo ya ƙwanƙwasa gilashi, da 'yar wayarsa a hannu.

"Injiniya, an gama lafiya? Don Allah kafin ka tafi ka ɗan sa min wannan a motarka, ko minti biyar ne. Ta mutu tun jiya. Taransifoma ce ta ƙone, yau kwana uku ba wuta a layin nan gaba ɗaya."